Zafi ya riga ruwa zuwa: gobarar ciyawa a filayen tudun tsakiyar Amurka

Malam Habibu: Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu zauna kan abin da ke faruwa a filayen tudun tsakiyar Amurka, wato shimfiɗar da ta taso daga arewacin Texas, ta bi yammacin Oklahoma da Kansas da gabashin Colorado har Nebraska, a duk shekarar da zafi ya sauko tun Fabrairu ko Maris. Da yawa suna ɗora wa zafin laifin gobara baki ɗaya. Ni a ganina zafi ɗan rakiya ne. Abin da ke cin wuta ciyawar bara ce. A watannin Mayu da Yuni na 2023 an yi ruwa mai yawa a yankin Amarillo, birnin da ke arewacin Texas, har da ambaliya, ciyawa ta yi kauri, sanyin hunturu ya kashe ta tana tsaye. Ranar 26 ga Fabrairun 2024 zafi ya haura digiri 25, a lokacin da aka saba ganin wajen 15, sai ga iska mai ƙarfi. Gobarar Smokehouse Creek ta tashi a gundumar Hutchinson, ta cinye sama da eka miliyan ɗaya, fiye da hekta dubu 400, ba a taɓa yin kamarta a tarihin Texas ba. Bayan kwana uku dusar ƙanƙara ta zuba a kan tokar. To masana, a warware mana yadda abin ke haɗuwa, da abin da mai shanu ko mai gida zai yi tun ranar ba ta zo ba.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam Malam. Na yarda ciyawa ce itacen girkin, amma kada a raina zafi, domin shi ke zuƙe laimar iska. Lissafin mai sauƙi ne: idan ruwan da ke cikin iska bai ƙaru ba, duk ƙarin digiri 11 yana raba laimar biyu. Iskar da ke da laima kashi 40 da hantsi a digiri 10, in ta kai digiri 21 ta koma kashi 20, in ta kai 27 ta sauko ƙasa da 15. Shi ya sa ranar da zafi ya zarce na al'ada da digiri 12 ba ranar jin daɗi ba ce ga 'yan kwana-kwana.

Sannan akwai duwatsun Rocky a yamma. Iskar da ta hauro su tana gangarowa gabas, kuma busasshiyar iska tana ƙara zafi kusan digiri 10 a kowace kilomita ɗaya ta gangara. Ta iso fili da zafi, a bushe ƙarau. Idan guguwa mai ƙarancin matsin iska ta kafu a gabashin Colorado ko yammacin Kansas, sai ta ja wannan iska da ƙarfi daga yamma ko kudu maso yamma, ta tura iskar tekun Meksiko mai laima can gabas. Da azahar, ƙasa ta gasu, iskar ƙasa tana tashi sama tana cakuɗa da mai gudu ta can sama, gudun ya sauko ƙasa. Daga nan ne ake samun kilomita 60 zuwa 100 a awa. Hukumar yanayi ta Amurka tana fitar da gargaɗin jar tuta, wato na haɗarin gobara, a irin wannan rana. Sharuɗɗan sun bambanta daga ofishi zuwa ofishi, amma a yammacin yankin galibi laima ce kashi 15 ko ƙasa, tare da iska mai ɗorewa da ta haura kilomita 30 a awa.

Laminu: Hajiya, ai ana iya hango wannan tun watanni. Shekarun La Niña, wato lokacin da ruwan tsakiyar tekun Pasifik ya yi sanyi fiye da yadda aka saba, su ne ke kawo hunturu mai ɗumi da bushewa a kudancin filayen. A 2006 gobarar gabashin Amarillo ta ci sama da eka dubu 900, ga gobarar 2011, ga gobarar Rhea a Oklahoma a Afrilun 2018. Duk bayan hunturun La Niña ne. A lura da tekun Pasifik, an gama.

Hajiya Rabi: Ƙanena, ba a gama ba. Misalanka daidai ne, amma hunturun 2023 zuwa 2024 na El Niño ne, kishiyar La Niña, wanda ake sa ran zai kawo laima, kuma a cikinsa aka yi gobara mafi girma a Texas. La Niña tana ƙara yawan ranakun haɗari, ba ita ke yanke hukunci ba. Ciyawa ba ta buƙatar farin wata shida, yini ɗaya na zafi da iska ya ishe ta. Wanda ya sake jiki don an ce masa bana shekarar laima ce, shi gobara za ta samu bai shirya ba. Abin dubawa kullum shi ne hasashen kwana uku zuwa bakwai, da tashoshin awo na kusa. Oklahoma tana da tashoshin awon yanayi 120 da ake kira Mesonet, ko wace gunduma da aƙalla ɗaya, suna aiko awo duk minti biyar.

Malam Habibu: Maganar yini ɗaya ita ce gaskiyar lamarin. Masu kashe gobara suna kasa abin da ke cin wuta gwargwadon saurin bushewarsa. Duk abin da kaurinsa bai kai milimita 6 ba, kamar ciyawa da ganye, ana ce masa na awa ɗaya, domin cikin awa guda laimarsa take bin ta iska. Ƙirare na awa goma ne, rassa na awa ɗari, kututture na awa dubu. Filayen nan kusan duk na awa ɗaya ne. Ana iya yin yayyafi da asuba, ƙasa tana caɓi har motar kwana-kwana ta kafe, amma ciyawar da ke tsaye a kanta ta kama wuta da la'asar.

Abin da ke rufe lokacin gobara shi ne tohon sabuwar ciyawa, ta fito kore shar ta shiga cikin tsohuwar. A nan ne zafin wuri yake yaudara. Manyan ciyawun yankin, irin su buffalo da blue grama da little bluestem, masu son zafi ne, ba sa tashi sosai sai ƙarshen Afrilu ko Mayu, kuma sai da ruwa. Zafin Maris ba ya sa su toho, sai dai ya narkar da dusar ƙanƙarar da ke danne tsohuwar ciyawa, ya tsotse ɗan danshin ƙasa. Wato ya tsawaita tazarar da ke tsakanin bushewa da toho, a daidai watannin da iska ta fi ƙarfi a shekara. Ga kuma gonakin da gwamnati ke biyan manoma su bar su da ciyawa a ƙarƙashin shirin CRP da aka kafa a 1985. Sun hana zaizayar ƙasa, amma inda ba a kiwo ko yanka, ciyawar shekaru ce jibge.

Musa Ɗan'azumi: Bari in kawo ɓangaren gudun wutar, don mutane ba sa yarda sai sun ji lamba. A busasshiyar ciyawa, ranar da yanayi ya ɓaci, goshin wuta yana tafiya da kusan kashi 20 cikin ɗari na gudun iska. Iska kilomita 60 a awa, wuta kilomita 12 a awa, mita 200 ke nan a minti ɗaya. Mai tafiya da ƙafa kilomita 5 yake yi. In hawan tudu ne ta fi haka.

Tsawon harshen wuta shi ke faɗin abin da za a iya yi. Ƙasa da mita 1.2, mutane da kayan hannu za su iya. Daga nan zuwa mita 2.4 sai motar ruwa da gireda da katafila. In ya wuce haka ba a tunkarar goshi, sai a bi ta baya. Ƙa'idar ita ce mota ta shiga cikin baƙin, wato inda wuta ta riga ta cinye, ta bi gefe tana kashewa tana matse ta, tayoyinta a kan toka. Motar da ta tsaya cikin ciyawar da ba ta ƙone ba, hayaƙi na iya shaƙe injin ya mutu, ko garwashi ya shiga matatar iska. Ƙananan motocin kashe gobarar daji galan 200 zuwa 400 na ruwa suke ɗauka, minti kaɗan ne ya ƙare, kuma yawancin masu tuƙa su 'yan sa kai ne na ƙauyuka. Jirgin sama kuma, ranar da aka fi buƙatarsa ita ce ranar da iska ke hana shi tashi, ko ta watsar da abin da ya zubo.

Amma abin da ya fi kashe mutane juyawar iska ce. Wutar da iskar yamma ta kora tana yin tsawo, siririya, a ce kilomita 40 da goshi kilomita 3. Da yamma iskar sanyi ta faɗo daga arewa, sai gefen kudu gaba ɗaya, kilomita 40 ɗin nan, ya zama goshi cikin mintoci. Haka ta faru ranar 27 ga Fabrairun 2024 a Texas, haka ma ranar 6 ga Maris ɗin 2017 a gobarar Starbuck da ta ratsa daga Oklahoma zuwa gundumar Clark ta Kansas, ta ci sama da eka dubu 600. Duk wanda ke kudu da wuta ya tambayi ƙarfe nawa iskar za ta juya kafin ya tambayi komai.

Injiniya Nasiru: Malam Musa ya yi bayanin gudu, ni kuma in taɓa mafari. A waɗannan watanni ba tsawa ce ke kunna wuta ba, hannun mutum ne da kayansa. Na farko wayar lantarki. Kwamitin majalisar Texas da ya binciki Smokehouse Creek ya ce ruɓaɓɓen turken waya ne ya karye ya faɗa cikin ciyawa, kuma kamfanin lantarki na Xcel Energy ya amsa cewa kayansa na da hannu a tashin wutar. Turken katako daga gindi yake ruɓewa, daidai inda ya haɗu da ƙasa, don nan laima da iska suke haɗuwa. Daga sama ka gan shi lafiya lau. Dole a tone gindin, a ƙwanƙwasa da guduma, a huda a ga cikin. Akwai kuma wayoyin da ke kai wuta rijiyoyin mai, waɗanda ba su da mai kula sosai.

Wani abin da ba a cika sani ba: akwai na'urar da ke maido da wuta da kanta bayan ta yanke, ta gwada sau biyu ko uku. In waya tana kwance a ciyawa, kowane gwaji tartsatsi ne sabo. Ranar jar tuta ya kamata a kashe wannan maidowar. In iska ta wuce kima, a yanke wutar layin gaba ɗaya, kamar yadda aka yi wa dubban gidaje a Colorado a Afrilun 2024.

Sauran sanannu ne: sarƙar tirela tana jan kwalta, taya ta fashe ƙarfe yana gogar titi, walda a bakin shinge, injin yankan ciyawa ya bugi dutse, da ajiye mota a kan doguwar ciyawa alhali tukunyar salansarta ta haura digiri 400.

Dakta Sa'adatu: Injiniya, ban gamsu da yanke wuta haka kai tsaye ba. Rijiyoyin gidajen gona da lantarki suke aiki. Ka yanke wuta, ka yanke ruwan shanu, ka yanke ruwan da mai gida zai jiƙa rufinsa, ka yanke inda motar kwana-kwana za ta cika tanki. Ga marasa lafiya masu na'urar numfashi. An toshe ƙofa ɗaya an buɗe wata.

Injiniya Nasiru: Gaskiyarki Likita, shi ya sa matakin ƙarshe ne, kuma sai da sanarwa tun kwana ɗaya ko biyu. Maganin na dindindin canza turaku ne da raba layi gunduwa-gunduwa, don a yanke inda haɗarin yake kaɗai. Amma ki lura, in gobara ta zo ita ma za ta ƙone turakun, wutar ta tafi na makonni, ba na awa goma ba. Don haka ko an yanke ko ba a yanke ba, gidan gona yana buƙatar janareta da zai iya tayar da famfon rijiya, da tankin ajiya cike tun daren jiya, da famfo mai injin fetur. A gwada su a Janairu.

Alhaji Garba: 'Ya'yana, duk kun yi magana mai kyau, amma kuna ta maganar ranar gobara. Ni tawa ita ce filin nan da wuta ya ginu. Da aka daina ƙona shi, itacen sida ja, wani itace mai ganye kore rani da damina, ya mamaye makiyaya, musamman Oklahoma da Kansas da tsakiyar Nebraska. Wutar ciyawa harshenta mita ɗaya ko biyu ne, amma in ta shiga kurmin sida sai ta miƙe mita goma, tana jifa da garwashi can gaba, ya tsallake titi da kogi. Gobarar Anderson Creek ta Maris ɗin 2016, wadda ta ci kusan eka dubu 400 a kan iyakar Oklahoma da Kansas, cikin irin wannan ƙasa ta bi. Sida yana da rauni ɗaya: in an sare shi ƙasa da reshensa na ƙarshe mai ganye ba ya tohowa. Ƙananan kuma, waɗanda ba su kai tsayin mutum ba, ƙuna mai tsari tana kashe su.

Ga yadda ake yi. A zaɓi ranar da iska ke kilomita 8 zuwa 24 a awa kuma ta tsaya fuska ɗaya. Rashin iska gaba ɗaya ba alheri ba ne, wuta sai ta yi ta yawo. Laima ta haura kashi 40, don ƙasa da haka tsallaken garwashi yana ƙaruwa, ƙasa da 25 kuwa kusan tabbas ne. A share hanya har ƙasa tsirara, da garma ko gireda. A fara kunnawa daga ɓangaren da iska ta nufa, wutar ta riƙa ci tana ja da baya a hankali har ta bar baƙi mai faɗin mita 30 a ciyawa, mita 150 in akwai sida. Sai a bi gefuna biyu, a kunna goshi daga ƙarshe. Gwangwanin ɗiga wuta ana cika shi da dizal kashi uku, fetur kashi ɗaya. Makiyaya suna kafa ƙungiyoyin ƙuna don su haɗa hannu da kayan aiki, kuma ana sanar da 'yan kwana-kwana da maƙwabta kafin a ƙyasta ashana.

Musa Ɗan'azumi: Baba Alhaji, ina girmama maganarka, amma a shekarar zafin wuri ranakun da suka cika sharuɗɗan nan kaɗan ne, kuma gundumomi suna hana ƙuna. Sannan yammacin filayen ba kamar Flint Hills na gabashin Kansas ba ne, inda ake ƙona ciyawa duk Maris da Afrilu ruwa ya biyo baya. Amarillo wajen milimita 500 take samu a shekara. Ka ƙona jigawa ruwa bai zo ba, iska ta kwashe ƙasar. Kuma ƙunar da ke kuɓucewa ba kullum ranar da aka yi ta take kuɓucewa ba, wani lokaci kwana biyu ko uku bayan nan ne.

Alhaji Garba: Haka ne ɗana, ban ce a ƙona ko'ina kowace shekara ba. A yamma sai ƙasa tana da danshi, kuma a bar shekaru da dama tsakani. In an hana, an hana. Kuɓucewar bayan kwanaki kuwa sanadinta sananne ne: kandilo da kututture da tarin itacen da aka sare. Busasshen kashin shanu yana riƙe garwashi a cikinsa ba hayaƙi sosai, iska ta taso ta mirgina shi ya haye hanya. Don haka a duba hasashen kwana uku na gaba, ba na ranar kaɗai ba, a bi bakin iyaka a farfasa kandilo a jiƙa shi, a ja kututture zuwa tsakiyar baƙin. Inda ƙuna ba ta yiwu ba, a sa shanu su kiwace zagayen gida da bakin titi tun kaka, ciyawar ta kwanta.

Malam Isufu: Wannan hanyar da ake sharewa ita ce dai ake yi a yankin makiyaya na Nijar, wajen Tahoua da arewacin Maradi, bayan damina mai albarka, don kada gobarar hunturu ta cinye abincin dabbobi. Darasin ɗaya ne: hanya ita kaɗai ba ta tsayar da wutar da iska ke kora, wurin tsayawa ce ga masu kashewa. Kuma in ba a sake share ta kowace shekara ba, ciyawar da ke fitowa a kanta ta fi ta gefe.

Dakta Sa'adatu: To in dawo kan dabbobi. An ƙiyasta shanu sama da dubu 15 suka mutu a gobarar Texas ta 2024, kuma lokacin haihuwa ne, maruƙa ba sa iya gudu, iyaye ba sa barinsu. Shanu suna gudu gaban wuta har su tarar da shinge, a kusurwa ake samun gawarwakinsu. Matakin da ke aiki shi ne a kwashe garke tun daren da aka yi gargaɗi, a kai su gonar alkamar hunturu mai kore, ko gonar da aka huɗa, ko filin da aka kiwace ƙarƙaf. In wuta ta riga ta taso, a buɗe ƙofofi, a yanke waya, a fita. A Maris ɗin 2017 mutum uku suka rasu a gundumar Gray ta Texas wajen ƙoƙarin ceton shanu. Ina roƙo da babbar murya, kada kowa ya koma.

Bayan wuta, kada a yanke hukunci da kallon gashi. Saniya na iya babbakewa ta warke. A duba wurare huɗu: ido, hanci da baki, hantsa, da kofato. Zoben da ke saman kofato, inda fata ta haɗu da shi, in ya ƙone, dabbar za ta yi tafiya kamar lafiya, bayan kwana goma zuwa sati biyu kofaton ya saluɓe. Irin wannan ba ta warkewa, jinƙai shi ne a yanke shawara da wuri. Wadda nonuwanta suka ƙone ba za ta bar maraƙi ya sha ba, sai a raba su a shayar da shi da hannu. Bijimai a duba marena da kube, a gwada haihuwarsu kafin lokacin barbara. Hayaƙi kuma yana jawo ciwon huhu bayan kwanaki, don haka kada a kora su ko a yi musu doguwar tafiya har sati huɗu zuwa shida. A ɗauki hoton gawa da lambar kunne kafin binnewa, shirin diyyar dabbobi na ma'aikatar noma ta Amurka yana neman shaida.

Laminu: Likita mun gode. Yaya Musa, gida fa? Gobarar Marshall a Colorado ranar 30 ga Disamban 2021 wutar ciyawa ce, eka dubu 6 kacal, amma ta ci gidaje sama da dubu.

Musa Ɗan'azumi: Wutar ciyawa cikin minti ɗaya ko biyu take wuce gida. Abin da ke ƙone shi garwashin da ya maƙale ne. Mita ɗaya da rabi na farko daga bango ya zama tsakuwa ko siminti, ba itacen girki, ba shuka, ba tarkace. In shingen katako ya taɓa bango, a canza wannan gaɓar da ƙarfe, don shinge ke jawo wuta har jikin gida. Ramukan shan iska a rufe su da ragar ƙarfe mai ido milimita 3. A kwashe ganye da ƙaiƙayi daga indararo da ƙarƙashin dakali. Daga nan zuwa mita 9 ciyawa kada ta wuce santimita 10, kuma da safe ake yanka ta, ba ranar iska ba. Zuwa mita 30 a sare sida, a nisanta tankin gas da na mai. Dammunan ingirici kada a tara su wuri ɗaya ko kusa da rumfa, a kasa su gida-gida a kan faƙo, don in ɗaya ya kama kwanaki yake yi yana ci. Hanyar fita ta zama biyu, a fuskoki daban, saboda juyawar iskar nan. Kada a shiga hayaƙi da mota.

Malam Habibu: Saura makiyayar bayan wuta. Wutar ciyawa ba ta cika kashe saiwa ba, gindin yana ƙasa, in ruwa ya zo zai toho. Haɗarin yana tsakanin gobara da ruwan farko, musamman a jigawa, inda iska ke tono yashi. Kada a yi gaggawar huɗa ko shuka iri. A hana shanu shiga har ciyawar ta kai aƙalla santimita 10 zuwa 15, a kuma rage yawansu a shekarar, don suna son sabon toho suna cinye shi har ƙasa. Shingen waya mai ƙaya ko yana tsaye a duba shi. Turakun kusurwa a maye su da bututun ƙarfe. Hajiya Rabi, in hasashen makon gobe ya fito, a sanar da mu lokacin juyawar iska tare da laimar azahar.